Rairayin Biki da Ɗakin Gwaggo

Na manta abubuwa da yawa na farkon zamana a Yamai, har sunayen wasu da muka ci abinci kwano ɗaya, amma akwai yini guda da na tabbata ba zai taɓa fita daga kaina ba. Shekaru sun wuce, na yi aure, na haihu, na sauya unguwa, amma har yau in na ga an kafa rumfar biki a kan titi da damina, ba kwalliyar mata nake kallo ba. Ƙasa nake dubawa, in ga ko an bar wa ruwa hanyar wucewa.

A lokacin ban daɗe da zuwa daga Maradi ba. An turo ni koyarwa a wata lakol ta ƙananan yara, kuma da yake ban yi aure ba, babana ya ce babu zancen kama haya, wurin yayarsa zan sauka a Gamkalley. Duk unguwar Gwaggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya kuma yana can ƙasar waje wurin nema, don haka daga ni sai ita a gidan. Mace ce mai sanyin magana da yawan kara, irin waɗanda ko takalminsu ka taka su ne za su ba ka haƙuri. Ni kuwa Allah bai yi ni haka ba. Bakina ba ya iya riƙe magana, tun ina ƙarama aka san ni da hakan.

Gidan na laka ne, ɗaki biyu. Nata shi ne babba, bayansa yana bakin titi. Mijinta mai garka ne, wato lambu, a bakin kogi, kuma shi ya buga tubalin ɗakin da hannunsa, shi ya ɗora, shi ya yi yaɓe. In ka shiga ciki za ka ga sawun yatsunsa a jikin bango, layi-layi, daga ƙasa har inda hannunsa ya kai. Na sha ce mata a shafe bangon nan da siminti a yi masa fenti, ya yi kama da ɗakin mutane. Sai ta ce, "Je ki ki shafe naki, ƴar nan." Daga baya na daina, don na lura in ta idar da salla nan take jingina bayanta.

Titinmu gangare ne, yana sauka zuwa kogi. A gefen da gidanmu yake akwai kanibo, wato magudanar ruwa ta siminti wadda ba a rufe ba. Ita ke kwaso ruwan unguwar tun daga sama, ta bi ta ƙofar gidaje, ta wuce bayan ɗakin Gwaggo, ta faɗa wata ƴar ƙorama da ke ratsa garkuna ta shiga kogi. Gidanmu shi ne kusan na ƙarshe, kuma ya fi titi ƙasa, domin kowace shekara sai an zuba jar ƙasa a titin, shi yana tashi, gidan yana nan inda yake. Muddin kanibon nan tana buɗe, ko wane irin ruwa aka yi sai dai mu ji ƙararsa yana wucewa. Gwaggo tana da wata tsohuwar hauya a bayan ƙofa. Da hadari ya haɗu za ta fita ta janye ledoji da tsummokaran da suka maƙale, ta dawo ta wanke hannu.

Gidan da ke sama da namu, wanda bango ɗaya ya raba mu, na wani Alhaji ne mai sayar da katako a kasuwar Katako. Haifaffen Yamai ne, Zabarmanci ne harshen gidansa, amma Hausarsa ta kasuwa ta fi ta wasu Hausawan gudu. Gidansa na siminti ne, da dakali mai tsawo a ƙofa. Kuma gaskiya zan faɗa, mutumin kirki ne. Shi ya tsaya a kan jana'izar mijin Gwaggo. A famfon gidansa muke ɗiban ruwa. Azumi ba ya kamawa bai aiko mata da shinkafa da sukari ba. Babbar ƴarsa kuwa a bayan Gwaggo ta girma, don ita ta yi goyonta.

To, ita wannan yarinyar ce za a aurar, aka sa bikin cikin babban hutu, tsakiyar damina, lokacin da ƴan makaranta da ma'aikata suke da sarari. A Yamai kowa ya san yadda ake yi: gida ba ya ɗaukar jama'a, sai a tare titi, a kafa rumfa, a jera kujerun roba. Matsalar ita ce kanibo ta ratsa daidai ƙofar Alhaji, baki buɗe, ga baƙin ruwa kwance a gindinta, ga wari. Matarsa Hajiya ta rantse ba za ta tara baƙi daga ko'ina su zauna a kan wannan ƙazanta ba. Ta ce a wani suna da aka yi a unguwar ta ga wata mata ta zurma ciki da sabuwar shadda, ita kam ba za a yi wannan abin kunya a bikin ƴarta ba. Sai aka yanke shawarar a kawo rairayi a cike wurin, a daidaita shi da titi, in an gama biki a tone.

Alhaji da kansa ya shigo gidanmu da hantsi ya sanar da Gwaggo. Ya cire takalmi, ya rage tsawo a bakin tabarmarta, suka gaisa. Ya ce, "Gwaggo, shawara na kawo. Muna son mu cike kanibon ƙofata saboda baƙi. Kwana biyu ne kawai, da an kai amarya zan sa a tone. Na ce ba zan yi ba sai na ji ta bakinki, tunda ke ce a ƙasa da mu."

Ina tsakar gida ina wanki, sai na tsame hannuna. Na ga Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi bangon ɗakinta, ta mayar da ido ƙasa. Ta ce, "Haba Alhaji, har sai ka tambaya? Ba komai. Ai ƴata ce. Allah ya kai mu lafiya."

Ni kuwa sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, amma damina ce fa. Ga katako cike da shagonka, me zai hana a jera shi a sama, ruwa ya wuce ta ƙasa?"

Ya yi dariya, ya ce, "Madam, wallahi abin da na fara cewa ke nan. Hajiya ta ce katako ba ya tare wari. Kuma ta ce an riga an sa wani malami ya ɗaure ruwa har a watse."

Na buɗe baki zan ƙara, Gwaggo ta yi mini wani kallo da na san ma'anarsa. Bayan ya fita ta ce ban da kunya, babban mutum ya tako har gida ina mayar masa da magana. Na ce, "To Gwaggo, shi malamin nan da ya iya ɗaure ruwa, ina yake kwanan baya da rufin lakol ɗinmu ya yi ta zuba a kan yara?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce in je in ƙarasa wankina.

Washegari kamiyo, wato babbar motar kaya, ya juye rairayi. Aka cike kanibon tun daga farkon dakalin Alhaji har ƙarshensa, aka daddanna, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi. Wurin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Wanda bai san unguwar ba ba zai ce akwai rami a nan ba.

Ranar biki gari ya waye tas. Aka ɗaura aure da safe, aka raba goro da dabino, maroƙa suka cika mana kunne. Mata suna ta yi mini tsiya, wai ina ruwan da Madam ta yi hasashe. Gwaggo tun da sassafe take cikin gidan Alhaji a bakin tukwane, don ita aka damƙa wa miya. Bayan azahar, ana tsakiyar rabon abinci, sai iska ta tsaya cak, zafi ya sauko kamar an rufe tukunya. Na fito ƙofa na duba gabas. Ta yi baƙi ƙirin.

Na kutsa wurin tukwane na same ta. Na ce, "Gwaggo, hadari ya haɗu. Bari in ɗauko hauyar nan a fara tonewa." Ta leƙa sama, ta daɗe tana kallo, sannan ta ci gaba da juya miya. Ta ce, "Mutane suna zaune da abinci a gabansu, ki je ki ce su tashi za ki tona kwata? A bikin ƴar mutane? Ki rufa mini asiri." Wata mata da ke kusa ta ce in kwantar da hankalina, malam yana kan aikinsa, hadarin zai zagaye. Na koma ƙofa na tsaya. Maza a ƙarƙashin rumfa suna ɗaga kai suna kallon sama, kowa ya gani, amma babu wanda yake son ya zama shi ne ya fara faɗa.

Iska ce ta fara zuwa, ta ɗage gefen rumfar. Sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Jama'a suka watse, wasu cikin gidan Alhaji, wasu ƙarƙashin duk inuwar da suka samu. Ba a jima ba na ji ƙarar da na sani, ruwan sama na unguwa yana gangarowa cikin kanibo. Kuma a unguwarmu akwai wata al'ada: in ruwa ya sauko, mutanen sama sukan fito da sharar da suka tara su juye a ciki, ya tafi musu da ita kogi. Babu mai ganin laifin haka sai mu na gangare da masu garka. Don haka ba ruwa kaɗai ya zo ba, ya zo da ledoji da gwangwanaye da tsofaffin takalma da abin da ba ya faɗuwa.

Ya iso ga rairayin ya tsaya, ya taru, ya hau kan titi. Ya shiga ƙarƙashin kujeru, ya kwashe tabarmi da takalman baƙi. Dakalin Alhaji ya tare shi ta gefe guda, sai ya zagaye dakalin, ya juyo gaba ɗayansa ya nufi gidanmu. Wani ya shige ta ƙofa ya cika tsakar gida har ƙwaurina. Mafi yawansa kuwa ya bi gindin bangon ɗakin Gwaggo da gudu, ja wur, yana gogarsa. Ina tsaye ina ganin laka tana narkewa tana bin ruwan.

A nan kam na ajiye kunya. Na ruga zauren Alhaji inda maza suka cunkushe, ɗankwalina ma ya faɗi ban sani ba. Na ɗaga murya na ce, "Kuna tsaye kuna kallo? Ɗakin tsohuwa zai faɗi! Ku fito ku buɗe wa ruwan nan hanya, don girman Allah!" Alhaji ne ya fara motsi. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya fita cikin ruwan daga shi sai ƴar ciki. Da suka ga uban amarya a cikin kwata, sai sauran suka biyo shi, har da abokan ango da shaddojinsu.

Sai dai babu kayan aiki. Shebur ɗaya aka samu a duk layin, sai hauyar Gwaggo. Sauran suka kama da murfin tukwane da farantan abinci da hannu. Rairayin kuwa ya sha taku tun jiya, ya jiƙe, ya danƙare, in ka kwashi faranti guda sai ruwa ya mayar da wani. Mu mata muka shiga ɗakin muna fid da kaya: katifa, akwati, kwanuka, buhun gero. Gwaggo ta zo ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ruwa a idon sawunta, ludayin miya yana hannunta har lokacin. Na ce ta fito. Ta ce bari ta ga. Na ce babu abin gani, na kama hannunta na ja ta waje, ita da ban taɓa ko ɗaga mata murya ba.

Can sai muka ji ihu daga titi. Sun huda. Ruwan ya sami hanyarsa, ya ƙarasa musu aikin da kansa, ya kwashe ragowar rairayin ya yi ƙasa da shi da wata irin ƙara. Daga baya masu garka suka ce rairayin nan da sharar sun binne musu fangalin shukar da ke bakin ƙorama, sun kuma toshe ƙoramar har sai da suka yi gayya. Amma a lokacin babu wanda ya tuna da su. Ruwan tsakar gidanmu ya fara ja, na sama ma ya tsagaita, har rana ta leƙo.

Mutane suka fara dariya. Ana nuna juna, wannan laka har gira, wancan takalmi ƙafa ɗaya. Wani ya ce a nemo malamin nan a ji ko igiyarsa ce ta tsinke. Ni ma na yi dariya. Bangon yana tsaye, ya jiƙe zuwa gwiwa, gindinsa ya zaizaye, amma yana tsaye. Aka yi la'asar, mata suka koma hura wuta, aka fara ɗauraye kujeru. Gwaggo kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ƴar tsugunne ta zauna a tsakar gida tana fuskantar ɗakin, ta hana kowa mayar da kaya ciki.

Ban san cewa ginin laka ba ya faɗuwa lokacin da ruwa ke dukansa ba, sai ya gama sha. Rana ta yi sanyi, gari ya yi shiru, sai muka ji wani ɗan ƙas-ƙas, ƙasa tana zubowa. Bangon baya ya tsage daga sama, ya ɗan karkata, sannan ya zauna. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an sauke buhun hatsi daga kan mota. Rufin ya biyo shi ta gefe ɗaya. Daga inda nake tsaye a tsakar gida sai ga ni ina hango titi da rumfar biki ta cikin ɗakin Gwaggo.

Aka yi ta salati. Alhaji ya shigo, laka ba ta gama bushewa a jikinsa ba, ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Gwaggo, ki yafe mini. Ni na jawo." Ta dube shi ta ce, "Ba komai, Alhaji. Ai ba a rasa rai ba. Tashi, baƙi suna jiranka." Ta miƙe ta wanke ƙafafunta, ta sake zane, ta tafi aka yi wa amarya faɗa da ita, don ita ce uwar goyo. Raina ya ɓaci ƙwarai da jin wannan "ba komai" ɗin, har na kasa raka amarya.

Washegari da safe na fito na same ta a kan tarin ƙasar da hauyarta, tana juya ɓaraguzan a hankali, tana ɗaga wani ta duba ta ajiye. Na san abin da take nema, kuma na san ba za ta samu ba, don yaɓen duk ya koma taɓo. Na bar ta har ta gaji. Da ta zauna na ce, "Gwaggo, kin san fa haka za ta faru." Ta ce, "Na sani tun ranar da ya shigo." Na ce, "To don me kika ce ba komai?" Ta ce, "Mutumin da ya sa mijina a kabari ya cire takalmi ya durƙusa yana tambayata, da wane bakin zan ce a'a? Da bai tambaye ni ba, da na fita da hauyata na tone abina."

Bayan ƴan kwanaki na haɗu da Alhaji a ƙofa yana duba tubalin siminti da aka sauke. Ban tambaye shi komai ba, shi ya tsayar da ni. Ya ce, "Madam, wallahi da ta ce a'a, katako zan sa, ko Hajiya za ta yi fushi. Zuciyata ba ta kwanta da rairayin nan ba, shi ya sa na je. Da ta ce ba komai sai na ɗauka ta fi ni sanin wurin." A nan na gane abin da ya faru. Shi ya je neman wanda zai hana shi, ita kuma ta kasa hanawa saboda ya zo.

Ya gina mata sabon ɗaki na siminti, da rufin kwano da taga ta ƙarfe, ya ɗaga gindinsa sama da titi, ya yi masa fenti shuɗi. Ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, irin wanda na daɗe ina yi mata kwaɗayi. Duk unguwa aka yi ta cewa Gwaggo ta ci ribar ruwa. Tana amsawa da godiya, kuma a ciki ta zauna har Allah ya karɓi ranta. Amma ban taɓa jin ta ce "ɗakina" ba. Sai dai ta ce mini, "Shiga ɗakin Alhaji ki ɗauko mini carbi." In ta idar da salla kuma a tsakiyar tabarma take zama, ba ta jingina da komai.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, akwai wurin da kara ba alheri ba ce, kuma hanyar ruwa tana cikinsu. Ba ta mai ƙofar da ta bi ba ce, ta kowa ce har zuwa na can ƙarshen gangare, kuma wanda ya fi kowa ƙasa shi ya kamata ya fi kowa buɗe baki. A unguwar da nake yanzu an taɓa zuwa tambayata ko a cike kanibo saboda taron suna. Maƙwabcin kirki ne shi ma, ya cire takalmi, ya gaishe ni da ladabi. Na ce masa a'a, a sa katako, in wari ne a kunna turare. Matarsa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata, wai Madam ba ta da kara. Na ji zafin hakan, ba zan ɓoye ba, amma na taɓa ganin abin da "ba komai" ta ci wa wata tsohuwa, kuma ba abin da ake sake ginawa ba ne.